Ajin Yunananci a New York

Bayan sallar asuba muka bar Kano, ni da ƙanena, da niyya guda a zuciyata: in je New York in raba autana da karatun da ya zaɓa. Likitanci aka tura shi, sai labari ya iso mana cewa ya koma karatun Yunananci da Latinanci, har ya haɗa da ilimin kiɗa. Na yanke cewa ko ya bari, ko ya biyo ni gida.

Wani tsohon ɗalibina mai tuƙin tasi ya tarbe mu, ya sauke mu a gidansa a Mount Hope, cikin Bronx. Benaye ne manne da juna, maƙwabci bisa maƙwabci. Washegari ya zaga da mu Fordham Road, inda na ji Hausar Kano da ta Nijar da ta Zangon Ghana a bakin shago guda. Muka ci shinkafa da wake a wurin wata 'yar Kumasi, da yaji mai sa hawaye. Goro kuwa, da ƙanena ya ji kuɗinsa, sai ya ce daga yau ya tuba da ci.

Da yaron ya zo gaishe ni, bai yi musu ba. Ya ce, "Baba, ku zo ajinmu sau ɗaya, sannan ku yanke hukunci." Na amsa, domin ba a hukunta wanda ba a saurara ba.

Muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, mai ƙara kamar injin niƙa. A ƙofar ajin na cire takalmina kamar yadda ake yi wa zauren malami. Ɗalibai suka zuba mini ido, yaron ya raɗa mini, "Baba, nan ba a cirewa." Na ce, "Na riga na cire, Auta."

Malamar dattijuwa ce, ɗalibanta ba su cika tabarma biyu ba. Kowa ya karanta baiti, ya fassara, ta gyara masa, na gaba ya ɗauka. Wallahi karatun zaure ne sak. Sai ta shiga buga tebur da yatsa, doguwar gaɓa da gajera, na tsinci kaina ina bugawa a gwiwata, domin aruli ne, irin wanda muke auna ƙasidu da shi. Da layi ya zo kan autana, ya rera baitinsa, ajin ya yi tsit.

A hanya ya bayyana mini cewa waƙoƙin nan rera su ake yi tun asali, shi ya sa ya nemi sanin karin sauti. Ana cikin haka ya dubi agogo ya ce, "La'asar ta yi," ya kai mu wani lungun ɗakin karatu inda ya saba salla. Shi ya ja mu.

Kayan kiɗan ban saki jiki da su ba har yanzu, kuma na faɗa masa. Amma na sa masa albarka, na ce ya ƙarasa.

Mun dawo Kano lafiya, alhamdulillahi. Na gode wa Allah da Ya sa na gani da idona kafin harshena ya yanke abin da ba ya ɗinkuwa. Sharaɗi ɗaya na gindaya masa: in ya dawo, zai zauna a kan buzuna ya karantar da ni baitin nan, ni kuma in zauna a ƙasa.