Ni da Buhunan Rairayi a Bayan Motar Maigidana

Wai ƙafarsa ya ɗaga daga kan totur saboda ni, ko kuwa injin ne ya shaƙe don kansa? Na yi wa maigidana wannan tambaya tun ina da ƙarfin daka har na koma tafiya da sanda. Kullum sai ya yi dariya ya ce in miƙo masa buta. Yanzu ya rasu, Allah ya jiƙansa, babu wanda zan tambaya. Ni ban yi karatu ba, faɗa nake ana rubutawa. In an ga magana ta yanke, kuka ne ya tare ni, a yi mini haƙuri.

Shekarun baya, zamanin mulkin Nasara, gyaɗa ce take riƙe da Matameye. Kafin maigidana ya samu mota ɗan cin rani ne kamar sauran mazan unguwarmu. Da an gama girbi sai ya naɗe tabarmarsa ya nufi Kano dako, ba na sake ganinsa sai hadari ya fara haɗuwa. Yana can aka haifi ɗanmu na fari. Yana can muka binne na biyu. A Kanon ya koyi tuƙi da gyara, har wani Alhaji mai sayen gyaɗa a garinmu ya damƙa masa tsohon kamiyo, babbar motar kaya irin ragowar na soja, ya zama shofer ɗinsa, wato direba. Daga nan tafiyarsa ta koma ta 'yan kwanaki. Ya dawo yana warin esansi, man mota ke nan, ya zauna ya ci tuwona da zafinsa. Ban taɓa son wani abu a duniya kamar zaman nan ba.

Wata shekara bayan kaka Alhaji ya sayo sabuwar mota daga Kano. Ta zo da direbanta, wani dogon Bakano mai karkace hula. Alhaji ya ce tsohuwar ta gaji, zai sayar da ita a Damagaram. Ni da na ji, sai na kalli tabarmar nan a kusurwar ɗaki.

Maigidana ya je ya durƙusa ya roƙa. Alhaji mutum ne mai son kallo, sai ya ce, "To shofer, je ka yi mata abin da za ka yi. Ranar kasuwar da ta biyo bayan Salla a jera ta da sabuwar su yi tsere. In taka ta riga, na riƙe ku biyun, kai da ita. In aka wuce ta, kada ka sake zo mini da maganar."

Akwai wani fili a hanyar Kance inda masu mota suke gwada motocinsu in aikin gyaɗa ya ƙare. Daga gindin wata tsamiya ake tashi, a ƙare a wata kuka. Ba su da agogo. Ƙoƙo suke hudawa kaɗan a gindi, mutum ya tsaya a kuka da ƙwaryar ruwa, da ya ji an danna oda, wato ƙahon mota, sai ya ɗora ƙoƙon a kan ruwan. Motar maigidana takan isa daidai lokacin da ƙoƙon yake nutsewa. Ta Bakano kuwa da aka gwada ta, ta iso ƙoƙon bai ma cika ba.

Sai maigidana ya shiga aiki, shi da abokinsa maƙeri. Ya samo wani ƙarfe daga wata babbar mota da ta mutu a Damagaram, karbirato suke ce masa. Ya gaya mini shi ne maƙogwaron mota, ta nan take shan mai, kuma wannan ya fi na da faɗi. Ya yanke bututun hayaƙi don ta yi numfashi sosai. Ya kwance duk katakon bayanta don ta yi sauƙi, ya jibge mini shi a tsakar gida har ba ni da wurin shanya, ya bar 'yan alluna kawai a ƙasa. Ya ɗura wa tayoyin iska suka yi tauri kamar dutse, yadda suka saba yi in za su ɗauki gyaɗa. Ranar da ya tashe ta, awakin unguwa sun tsinke igiya.

Aka je gwaji. Mota ta yi ruri har kasuwa ana ji. Da ta isa kuka, ƙoƙo ya daɗe da kwanciya a ƙasan ƙwarya.

Ya dawo gida bai iya kallona ba. Duk wahalar nan, ashe baya ta ci.

Da farko ƙoƙon aka ɗora wa laifi, wai hudar ta ƙara faɗi. Aka ɗauki nawa sabo aka huda, bai canja komai ba. Sai ya ce an gauraya masa esansi da kananzir, ya zubar ya samo wani. Ya cire buji, masu ba injin wuta, ya goge su ɗaya bayan ɗaya da tsumman tsohon zanena. Ya mayar da tsohon karbirato, ya sake cirewa. Surukata ta ce duk ba wannan ba ne, bakin mutane ne, ta karɓo laya wurin wani malami aka ɗaura a sitiyari. Motar ta karɓi layar ta ci gaba da nawarta.

Bakano kuwa ya samu abin yi. In sun haɗu a bakin kasuwa sai ya ɗaga murya, "Shofer, na ji kukan tsohuwarka tun daga Kurni! Kuka kam ta iya, tafiya ce ba a koya mata ba."

"Jira ranar dai," in ji maigidana. Amma muryarsa ba ta da ƙarfi, ni na san shi.

Ana saura kwanaki kaɗan ya daina cin abinci. Wata safiya ya fita ko koko bai sha ba, sai na dama fura na bi shi har tsamiya. Ban taɓa zuwa wurin ba. Na tarar da shi kaɗai cikin mota, don duk mutanen suna can gindin kuka wurin ƙoƙo, kamar kullum. Bai gan ni ba. Na tsaya a bayan motar da ƙwaryata ina jira ya juyo, sai kawai ya danna oda ya taka.

Wallahi ban san inda nake ba. Rairayi ya rufe ni daga kallabi har ƙafa, ya shiga bakina, ya cika furar. Da na buɗe ido ɗaya sai na ga tayoyin baya suna ta juyawa a wuri ɗaya, motar tana karkaɗa gindi kamar tinkiya, ba ta gaba. Sai da ta gama haƙarta sannan ta fizge ta tafi.

Da ya dawo ya gan ni, ya diro da sauri. "Baiwar Allah, me ya kawo ki nan? Rami kika faɗa?"

Na tofar da ƙasa na ce, "Motarka ce ta haƙa ramin, maigida. Zo ka gani. Ga furarka nan kuma, in za ka sha."

Ya tsuguna inda tayoyin suka tsaya, ya zura hannu, ya shige kusan gwiwar hannu. Can sai ya zauna daɓas a ƙasa ya fara dariya har da hawaye. Ya ce, "Duk muna can muna gadin ƙoƙo, ita kuwa tana nan tana haƙa rijiya. Ba wanda ya taɓa tsayawa a bayanta sai ke."

Shi ya fahimci sauran, ba ni ba. Ya ce gindin tsamiya rairayi ne, sai an yi ɗan nisa ake hawa fako mai tauri. Ya ƙara mata ƙarfi, kuma ya cire katakon da yake danne ta a ƙasa, ga tayoyi sun yi tauri ba sa kama komai. Duk rayuwarsa da kaya yake tuƙa ta, bai taɓa tunanin rashin kaya zai zama ciwo ba. A ranar ya rage iskar tayoyin baya, ya cika buhunan gyaɗa rabi rabi da rairayi, ya jera su a kan tayoyin. Ta tashi kamar doki. Amma da ta hau fako sai nauyin ya riƙe ta, ta isa tare da nutsewar ƙoƙo. An dawo inda aka fara ke nan, kuma wannan ba zai wuce Bakano ba.

Sai ya ce abin da ake so shi ne nauyi a rairayi, babu nauyi a fako. Wani ya zauna a baya, da an hau fako ya ture buhunan. Maƙeri ya gwada sau ɗaya. Ya ture su kuwa, ƙoƙo bai cika ba suka iso, amma ya sauko ya ce, "Abokina, ina ƙaunarka, amma ina da 'ya'ya." Sauran suka ce ba su shiga tsakanin motocin Alhaji.

Na ce, "Ni zan zauna."

"Ke? Ba bango ba komai a bayan nan. Me zan ce wa mahaifinki?"

"Ka ce masa na gaji da naɗe maka tabarma."

Sai ya tashi ya je neman igiya. Surukata ta yi ta salati, ta ce za a yi da mu a gari har jikoki. An yi kuwa, ga shi har yau ina bayarwa.

Ranar kasuwa da la'asar kowa ya bar rumfarsa ya fito. Na ɗaura zane biyu, na ci ɗamara da majanyi. Maigidana ya ɗaure ni da igiya ta ƙugu a jikin kan motar, bayana ya jingina da ƙarfe, ƙafafuna suna kan buhuna. Lokacin ba ƙaramar mace ba ce ni, maƙeri ma cewa ya yi da ni a sama ana iya rage buhu ɗaya.

Bakano ya leƙo ta tagarsa ya ce, "Alhaji, ka gani fa! Har da matarsa ya ɗauko!"

Alhaji ya ce, "Kaya ya ƙara, ba ragewa ya yi ba. Kai ma je ka ɗauko taka."

"Tana Kano!"

"To wannan kuma laifin wa?"

Ana cikin dariya aka sauke hannu alamar a tashi. Motarmu ta cafki ƙasa ta fita, na ga Bakano yana baya. Da na ji ƙarar tayoyi ta canja na san mun hau fako, sai na tattara ƙarfina na tura buhun farko da ƙafa biyu. Ya faɗi ya fashe. Na bi sauran, ina turawa ina kiran sunan Allah. Da na ƙarshe ya tafi, motar ta yi sauƙi ta fara tsalle. Ta jefa ni sama, na dawo a gefe, ƙafata ɗaya tana lilo a waje, igiya kaɗai take riƙe da ni. Na ƙwalla ƙara.

A nan ne injin ya yi shiru. Ba daɗewa, kamar numfashi ɗaya. Amma ya isa hancin motar Bakano ya zo daidai da ni, har ina ganin haƙoransa. Na ja jikina na koma tsakiya, na dunƙule hannu na dinga dukan ƙarfen da ke bayana ina cewa, "Taka! Taka mana, maigida!"

Ta yi ruri ta miƙe. Mun wuce kuka da tazarar da ba ta fi tsawon tabarya ba.

Mutane suka rufe mu da ihu, mata suna guɗa. Maigidana ko kallon Alhaji bai yi ba. Ya zagayo baya yana kwance igiyar, ƙullin ya ƙi, sai da maƙeri ya yanke ta da wuƙa. Alhaji ya matso yana gyara rawani ya ce, "Shofer, mayar mata da katakonta. Jibi akwai gero a Kurni." Bakano ma ya zo ya ajiye mini goro a gabana ya ce, "Uwargida, ashe da ke na yi tsere." Daga baya shi da maigidana sun zama aminai, shi ya raɗa wa autarmu suna.

Ina alfahari da maigidana. An yi masa dariya a kasuwa, abin da ya gina da hannunsa ya ba shi kunya a gaban jama'a, bai jefar da shi ba kuma bai zagi kowa ba. Ya yi ta bi ɗaya bayan ɗaya, kuma da matarsa ta zo masa da baki cike da ƙasa, ya tsuguna ya duba. Maza da yawa ba za su tsuguna ba. Da kaina ma ina alfahari, ba zan ɓoye ba, ko da yake ƙuguna bai yafe mini ba har yau.

Ya tuƙa motar nan har ta mutu, ya tuƙa wata bayanta. Duk rani yana gida. Duk 'ya'yan da muka haifa bayan nan a hannunsa aka yi musu huɗuba. Mun tsufa tare a gidan nan da nake zaune.

Ciwonsa bai yi tsawo ba. Ranar da zai rasu, da hantsi, ina zaune kusa da shi ina yi masa fifita, ya buɗe ido ya kalle ni ya daɗe. Ya nemi hannuna, na ba shi. Ya ce:

"Baiwar Allah, kin ga dai ban sake barin ki ba. Wannan karon ma ba da son raina ba ne."