Mai Facin da Ya Ƙi Ba Taya Iska

Kafin mai burodi ya buɗe shagonsa, Don Eufemio Taveras ya riga ya ɗaga ƙofar rumfarsa a bakin titin da ya hau dutse zuwa ƙauyen Manabao. Zai fito da bahon ruwan da yake nutsa tub a ciki don neman huji, ya jingina tsohuwar taya a bakin kwalta a san mai faci ya iso, sannan ya zauna yana kurɓar ɗan kofinsa mai sukari kamar zuma. 'Yan acaba ne kan fara zuwa, wannan ya taka ƙusa, wancan iska kawai yake so. Da rana matarsa ta aiko da shinkafa da wake, in aiki ya lafa da yamma a baje domino a kan benci, ana buga katako ana tsiya. Haka garinmu Jarabacoa ya san shi tun ina budurwa. Ƙarshen watan nan zai ajiye ƙarfen cire taya, don gwiwoyi sun ce sun gaji, mijin 'yarsa ne zai ci gaba da rumfar. Shi ya sa na ga gara in faɗi abin da na sani a kansa tun yana ji da kunnensa.

'Yan acaba suna da labaransa da yawa. Wilkin, mai jan babur ɗin nan da ke tsayawa gaban kasuwa, ya taɓa zuwa yana cika yana batsewa, wai a cire masa tayar baya, ta yi muni, 'yan mata ba sa hawa. Ga sababbin tayoyi rataye a rumfa suna jiran mai saye. Don Eufemio ya murza tayar, ya danna, ya duba zanenta, ya ce, "Munin a fuskarka yake, Wilkin, ita lafiyarta ƙalau. Ka dawo bayan Kirsimeti." Har yau abokansa ba su bar masa maganar ba.

Nawa labarin ya fi wannan nauyi. Mijina Nicanor amininsa ne, kuma shi ya riƙe 'yarmu Dilenia ranar baftismarta, don haka ita Padrino take kiransa, wato uban baftisma, ni kuwa yana ce mini komadre ina ce masa kompadre, kamar yadda iyayen ɗa da uban baftismarsa ke kiran juna a nan. Nicanor ya sa wa babur ɗinsa sababbin tayoyi a wannan rumfa, bai jima ba ciwo ya kwantar da shi, kuma bai tashi ba. Na tura babur ɗin bayan gida ƙarƙashin rufin kwano, na lulluɓe da tamfol. Sayarwa ta gagare ni, kallonsa ma ba na iyawa. Ya yi shekara bakwai ko takwas a wurin.

Bara Dilenia ta gama karatun jinya, aka tura ta wani ƙaramin asibiti can saman dutse, inda mota ba ta zuwa kullum. Ta ce za ta hau babur ɗin babanta. Makaniki ya zo gida ya canja mai da batir, da injin ya tashi na ji ƙararsa sai da na shige ɗaki na yi kuka na ƙoshi. Iska kawai ta rage, don tayoyin sun kwanta. Ta turo shi zuwa wajen Padrino, ni kuma na biyo ta a baya.

Ya durƙusa da ƙyar a gaban babur ɗin. A ido tayoyin sababbi ne fil, zanensu da zurfi, ko ɗan gashin robar nan na sabuwar taya bai kaɗe ba. Ya danna farce a jikin ta gaba, farcen bai bar ko alama ba. Ya matse gefenta da tafin hannu, sai ga tsage-tsage sun buɗe kamar faso a dunduniya. Ya juya ta baya, ya nuna mana inda ta baje saboda daɗewa a wuri ɗaya, ya goge ƙura ya karanta lambar da ke nuna shekarar da aka ƙera ta. Sai ya miƙe, ya mayar da tiyon iska ya rataye.

"Ba zan ba su iska ba, 'yata."

Dilenia ta yi dariya. "Haba Padrino, sababbi ne fa. Kai da hannunka ka sa su."

"Ni ma haƙorana duk suna nan," in ji shi, "amma ki ce in yi gudu ki gani."

Ya yi mata bayani a tsanake, cewa roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, zafin kwano yana shanye laushinta har ta koma kamar itace. A busasshiyar kwalta za ta ɗauki mutum ya ɗauka lafiya lau, ranar da ruwa ya sauka a kwanar dutse kuwa, birki zai kama wili, amma taya ba za ta kama ƙasa ba.

Na ce, "Kompadre, su ne abu na ƙarshe da ya saya."

Ya cire hularsa ya riƙe a hannu. "Na sani, komadre. Ina tsaye a nan ya zaɓe su. Don ya riƙa dawowa gida lafiya ya saye su. Da yana nan yau, shi zai miƙo mini ƙarfen."

Da ya sa ƙarfe a ta baya ya ɗan banƙara, sai gefenta ya ɓarke kamar tsohon buhu. Ya canja tayoyin duka biyu, har tub da bawul. Sababbin ma sai da ya duba lambarsu, ya mayar da ɗaya da ya ce ta daɗe a sito. Ya gargaɗi Dilenia ta bi a hankali kwanakin farko, don sabuwar taya ma tana da nata santsin.

A cikin watan Oktoba, wata la'asar, aka tsuge da ruwa a kan dutse. Lokacin dawowarta ya wuce, wayarta ba ta shiga. Sai ga maƙwabciya da labarin cewa wata motar kabeji ta zame ta gitta hanya a babbar kwana, babur ya faɗi, kuma an ga mace mai farin kaya a ƙasa. Ban san yadda na isa rumfar Don Eufemio ba, na dai san duk wanda ya sauko daga sama ta nan zai bi. Ya ba ni benci, ya fita ya tsaya a bakin titi cikin yayyafi, yana duban hanyar dutse.

Can muka ji ƙarar injin Nicanor. Ta tsaya jiƙe sharkaf, farin kayanta duk laka. Ta ce tana shan kwana ta ga motar a gicciye, ta matse birki gaba da baya, babur ya tsaya cak, saura ƙiris ta daki motar. Wani bawan Allah da ke biye da ita ne ya zame ya karye a hannu, ita ce macen da aka gani a durƙushe tana ɗaure masa hannun. Na rungume ta ina dariya ina kuka. Don Eufemio ya durƙusa ya shafa tayar gaba. Da ya ɗago sai ya ce, "Je ki cire jiƙaƙƙun kayan nan, kada gobe ki zama majinyaciya a asibitinki."

Kai ne, kompadre, ka kushe aikin hannunka a gaban matar amininka, alhali ba tayoyin iska ya fi maka sauƙi, mu tafi muna sa maka albarka. Garkuwar masu ƙafa biyu, mai idon da ke ganin tsufan roba. Mutum nawa ne a garin nan suka kwana a gida saboda ka ce musu a'a, kuma ba su ma sani ba?

Duk mai babur a ajiye, kada kyan zane ya ruɗe shi. Ya danna, ya matse, ya duba shekara, in ya rasa gane kansa ya kai wa wanda ya sani. Masu sana'a kuma, mai faci ne ko mai gyaran birki, ku koyi faɗin gaskiya ko da ran mai kaya zai ɓaci.

Na gode, Don Eufemio. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya sassauta maka gwiwoyi. Dilenia tana gaishe ka. Ta hau dutse tun da safe, yanzu haka hadari ya haɗu a can, ni kuwa ina tsakar gida ina kwashe shanya, ban leƙa titi ko sau ɗaya ba.