Malam Harisu, Salula Ta Riga Ni Isa Wurin 'Yarka

Na Allah ne mu, kuma komai daren daɗewa gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, 14 ga watan Mayu 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran taubashina, Malam Harisu Mahamadu, malamin Ingilishi a kolejin garinmu Matamaye. Bai yi jinya ba, ko ciwon kai bai ambata wa iyalinsa ba. Ya fito daga aji da alli a hannu, ya zauna kan benci a gindin dogon yaro, ya ce a miƙo masa ruwa. Kafin ruwan ya iso, mai aukuwa ta auku. An yi masa sutura bayan la'asar, kuma ni Munkaila, ɗan gwaggonsa, da muka tashi ɗaki ɗaya, ba na cikin waɗanda suka sallace shi. Dalilin haka na cikin abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Harisu, ka san ban taɓa raga maka ba kana da rai, kai ma ba ka raga mini ba. Tun muna yara kowannenmu ke cewa shi ne ubangidan ɗan'uwansa, har furfura ta fito mana ba a raba gardamar ba. Yau ga ni da bakina babu abokin tsokana, kuma ba na jin daɗin wannan nasara ko kaɗan.

Na sha yi maka tsiya a kan Ingilishinka. Ina cewa Faransanci bai ishe ka wahala ba, sai da ka ƙaro na maƙwabta. Duk wanda ya zauna ajinka yana tuna ranar da kake fitar da ɗalibai tsakar filin lakwal, wato makarantar, da rani, ka ce kowa ya ɗaga kai ya dubi sama. Babu hadari, babu ko ɗigon gajimare. Sai ka tambaye su: da a ce yanzu aradu ta faɗo daga nan, me za ku ce? Daga nan kake koya musu maganar Turawan Ingila, out of the blue, wato abin da ya sauko wa mutum sama tana tangararan, babu wata alama da ta gabace shi. Kana ja musu kunne cewa ana faɗin ta ga alheri, ana faɗin ta ga tsiya, amma ba a faɗin ta ga abin da aka ga tahowarsa. Ruwan watan Agusta ba ya cikinta. Faɗuwa jarrabawar ɗalibin da ya shekara yana barci a aji ma ba ta cikinta, ko da uwarsa ta rantse.

Har 'yan kasuwa masu tsallakawa Daura da Kano sukan zo zaurenka da yamma su ɗan ƙaru. Ba na manta ranar da Alhaji Isufu mai atamfa, yana ɗokin gwada sabon karatunsa, ya shigo ya yi maka albishir da Ingilishi cewa iyalinsa ta sauka, ya liƙa wannan magana a ƙarshe. Ka yi dariya har hularka ta faɗi. Ka ce, "Haba Alhaji, wata tara kana gida ɗaya da hadarin nan, sannan ka ce sama tangararan take?" Ni kuwa da ke gefe na ce wahalar banza ce, mu da muke da kwatsam, muke da ba zato ba tsammani, me za mu yi da ta Bature? Ka amsa mini cewa kowace al'umma ta raɗa wa wannan abu suna saboda kowa ya ɗanɗana shi, amma iyayenmu ba su tsaya ga suna ba, sun yi masa magani: ba sa barin mugun labari ya je wa mutum shi kaɗai, sai sun haɗa shi da ɗan rakiya.

Wannan rakiya ita ce aikinka na biyu, wanda babu mai biyan ka, kuma shi ya sa Matamaye ta san ka fiye da allon aji. In an yi rasuwa kuma akwai wanda ake tsoron gaya wa, kai ake nema. Ni har cewa nake in na hango tsohon babur ɗinka a ƙofar gidana ba ranar Juma'a ba, sai na fara ƙirga 'ya'yana.

A kaina na san aikinka. Shekarar da nake malamin gona a Tanut, mahaifiyata, gwaggonka, ta rasu. Kana iya aiko da saƙo ta hannun direba, amma ka bar ajinka ka hau mota. Ka same ni ina shirin cin abinci, ka wanke hannu muka ci tare, kana ta kushe miyar da na dafa. Sai da na ƙoshi, muka yi sallar azahar, ka aika aka kira maƙwabcina ya zauna kusa da ni. Sannan ka ce jikin Gwaggo ya motsa tun jiya. Ka yi shiru. Ka ce an kai ta likita, an yi abin da za a iya. Ka sake yin shiru, kana duban ƙasa, har ni da bakina na ce, "Ta cika ko?" Ka ce, "Sai haƙuri, Munkaila." Na ji zafi, amma ban faɗi ba, domin kafin kayan su sauka a kaina ka riga ka ɗora mini gammo. Ba ka yi mini ƙarya ko ɗaya ba, kuma ban taɓa jin ka yi wa wani ba. Lokaci kawai kake ba zuciya ta shirya.

Haka ka yi wa wani dattijo a Ɗan Barto da ɗansa ya rasu a ci-rani. Ka tarar da shi bisa rumbu yana gyaran jinka, sai ka tuɓe babbar riga ka yi ta miƙa masa shuci har ya sauko da ƙafarsa ya zauna. Direban da ya kai ka ya ƙosa, ya yi ta gunaguni. Daga baya ka ce masa, mutumin da ke tsaye ma ba a gaya masa, balle wanda ke sama.

To ga abin da ya faru ranar taka.

Da aka kira ni na isa, na same ka an lulluɓe ka, mutane sun cika filin. Muka kai ka gida. Matarka, Hajiya Mas'uda, cikin kukanta kalma ɗaya ta iya haɗawa, ta ce, "Najaha." Kowa ya gane. Babbar 'yarka tana aure a Damagaram, cikin fari gare ta wata bakwai, kuma tun watan jiya likita ya ce jininta na hawa, a kiyaye ta da tashin hankali. Na fito ƙofar gida na roƙi jama'a don girman Allah kada kowa ya kira ta, kada kowa ya rubuta komai a salula, wato wayar hannu, ni zan je da ƙafata in zo da ita. Kowa ya ce to. Na nufi tasha.

A cikin motar ina ta bitar yadda kake yi. Zan tsaya kasuwa in ɗauki mijinta, Abdurrazak. Zan sa a shigo da maƙwabciyarta. Zan ce ƙishirwa nake ji, in ta kawo ruwa in sa ta zauna. Mun wuce Kance, muna dab da Takeita, sai salulata ta fara kuka a aljihu ba ƙaƙƙautawa. Na ciro, sai ga ka. Ba hoton da kake murmushi da rigar salla ba, a'a, kai ne kishingiɗe kan bencin nan, hula a ƙasa, baki a ɗan buɗe, an rubuta salati a ƙarƙashi. Ashe tun kafin a lulluɓe ka wani ya ɗauka.  Na kira Abdurrazak na ce ya bar shagon a buɗe, ya ruga gida ya raba ta da salularta. Ya ruga, Allah Ya sani ya ruga. Ya tarar da mata cike da tsakar gidan. Tana zaune ita kaɗai tana tsintar shinkafa hoton ya shigo mata, ƙarar faɗuwarta maƙwabta suka ji.

Ba zan kama sunan wanda ya ɗauki hoton ba, ko da na san shi. Abin da ya fi cin raina shi ne ba maƙiyanka ne suka yaɗa shi ba. Ɗalibanka ne, masoyanka ne, kowa na tura wa na gaba da hawaye a idonsa, kowa na son ya zama shi ya fara sanarwa. Ko ɗaya daga cikinsu bai tsaya ya tambayi kansa ko mamacin nan yana da 'ya ba. Wace irin gaggawa ce wannan? Lada ake rabawa ga wanda ya riga? Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana tare wa 'ya'yan wasu, an rasa wanda zai tare wa tasa. Raina ya ɓaci, Harisu, kuma har yanzu da nake rubutun nan bai huce ba.

A asibiti na same ta. Lokacin da ake jera sahu a kanka a Matamaye, ni ina tsaye a baranda tare da Abdurrazak, likitoci na ciki suna yi mata aiki don su ceci rai biyu. Allah Ya sa aka ciro yaro namiji, ɗan mitsitsi, aka sa shi cikin kwalba. Ni na yi masa kiran salla a kunne ta ɗan ramin da ake zura hannu, aikin da kai ya kamata ka yi.

Najaha ta farfaɗo, amma kamar ba ita ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta tambayi kowa komai ba. A ba ta kunu ta karɓa ta riƙe har ya huce. Aka yi sadakar uku a gida, tana nan yadda take, idonta a bango. Nono ya ƙi zuwa, ga ungozoma na cewa jariri irin wannan babu abin da ya fi masa na uwarsa. Tsofaffin mata suka ce sai ta yi kuka, amma kuka ba a sa mutum shi dole. Na kasa komawa Matamaye. Kullum in zo in zauna bakin gadonta in yi ta surutu, ni da aka sani da baki, ba ta ko duba na.

Rannan da yamma na miƙe zan tafi masallaci, sai na ji ta ce, "Baba Munkaila." Na juyo. Ta ce, "An ce kana hanya ranar nan." Na ce ina hanya. Ta ce, "Da ka iso, me za ka ce mini?"

Na koma na zauna. Na ce da na fara cewa ki ba ni ruwa. Ta miƙa hannu da ƙyar ta turo mini kofin da ke kusa da ita. Na sha. Na ce mata jikin Babanki ya motsa yau da safe a lakwal. Na ajiye kofin. Na ce ya fito daga aji lafiya lau, ya zauna a inuwa, ya nemi ruwa, bai yi kakari ba, bai wahala ba, abokan aikinsa na kewaye da shi. Na sunkuyar da kai ina jira. Can ta ce, a hankali, "Ya cika ko, Baba?" Na ce, "Sai haƙuri, Najaha." A nan ta fashe. Ta yi kukan da majinyatan ɗakin duka suka taya ta, ni ma ban san lokacin da na rufe fuska da hannun riga ba. Washegari ungozoma ta ce nono ya fara tsattsafowa, suna ɗiba suna ba yaron ta siririyar roba.

Sai bayan nan na samu zuwa kabarinka. Ƙasar ta riga ta bushe. Na tsuguna a gefensa na ɗaga hannuwana.

Ya Allah, ga bawanKa Harisu ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yalwata masa makwancinsa, Ka sanyaya shi. Yadda ya tausaya wa zukatan bayinKa a ranakun da suka fi musu nauyi, Ka sa mala'ikunKa su tarbe shi da tausasawa, Ka tabbatar da harshensa wurin tambaya. Ka sa karatun da ya bayar ya zama sadaka mai gudana, Ka haɗa shi da iyayenmu a Aljannar Firdausi. Mu da muka saura, Ka kyautata namu ƙarshen.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Mas'uda, da 'ya'yansa Najaha, Rabi'u da Yasin, da surukinsa Abdurrazak, da 'yan'uwa na Yauri da Icirnawa, da malaman da suka yi aiki tare da shi. Ina yi wa ɗalibansa ma, har da wanda ya ɗauki hoton, domin na san shi ma rashi ya yi. Allah Ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Wanda duk ya karanta wannan, in ya gama yi wa Malam addu'a, ina roƙon ya haɗa da jaririn. An raɗa masa suna Harisu. Yana nan cikin kwalba, kuma duk safiya in muka tambayi likita, abin da yake ce mana shi ne mu ci gaba da addu'a.