Neja Ce, Ba Nijar Ba

A unguwar Ƙuba ta Madina aka haife ni, kuma har yau ƙafata ba ta taka Nijeriya ba. Amma na san ta. Mahaifina yana saukar da alhazai a ɗakunan ƙasa na gidanmu idan sun zo ziyara, ni da Inna kuma muna yi musu tuwo. Duk sanda na kai kwano ɗakin mata sai na tsaya tambaya. Daga ina kuke? Wane kogi kuka tsallake? Me kuke nomawa? Kafin in yi aure na san Yola tana bakin Binuwai, na san Jos tana kan dutse kuma sanyi gare ta, na san wanda ya baro Maiduguri sai ya bi ta Potiskum kafin ya ga Kano.

Shekarar da aka ƙara jihohi suka zama goma sha tara, alhazai suka zo da sunayen da ba mu taɓa ji ba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya har na haddace.

Wata rana bayan azahar yayana ya tsayar da tasi ɗinsa a ƙofar gida. Shi yana jin Hausa sarai, amma da Larabci yake amsawa. A bayan motar akwai wata tsohuwa riƙe da takalmanta, idanunta sun yi ja. Ya ce a bakin Harami ya tsince ta, ta rabu da 'yan uwan tafiyarta, takardarta kuma tana cikin jaka a masauki.

"Ta ce Nijar," in ji shi. "Na kai ta gida uku na mutanen Nijar a unguwar Harra, ma fi, babu wanda ya san ta. Halas, shi ke nan, na gaji."

Na shigar da ita, na ba ta ruwa mai sanyi da dabino, na bari sai da numfashinta ya dawo.

"Iya, wane gari ne naku?"

Ta faɗi sunan wani ƙauye da ban taɓa ji ba.

"Me kuke nomawa?"

"Dawa, 'yata. Da doya a gindin rafi."

Da jin doya na gyara zama. Matan Maraɗi da Damagaram da suka sauka gidanmu gero da wake suke ambata, ban taɓa jin ɗayarsu ta ce doya ba.

"Wace babbar kasuwa kuke ci?"

"Kwantagora."

"Takardun aikin hajji fa, ina aka yi muku?"

"Da can komai sai an je Sakkwato. Bana aka ce an raba mu da su, mu tafi Minna."

Na juya wajen yayana na ce, "Yaya, Neja ta ce maka, ba Nijar ba. Sabuwar jiha ce a Nijeriya, daga jikin Sakkwato aka cire ta."

Ya ce wallahi babu wannan a duniya, ƙasa ɗaya ce ya sani mai wannan suna. Na ce ya tayar da mota kawai. Na ɗauki abayata na shiga baya kusa da tsohuwar.

Mun tambaya sau biyu a hanya. Wani ɗalibin jami'a ɗan Nijeriya da muka tarar a wani shago a titin Sultana ya kwatanta mana gidan da mutanen Minna suka sauka. Tun kafin mota ta gama tsayawa wata mata ta fito da gudu babu takalmi, tana kiran "Iya! Iya!" Surukarta ce. Tun hantsi take zagaye Harami tana kuka, tana cewa da wane ido za ta kalli mijinta in ta koma ba tare da uwarsa ba.

Tsohuwar ta riƙe hannuna ta ƙi saki. Ta tambaye ni wace shekara na bar gida. Da na ce a nan aka haife ni, ta ce ƙarya nake yi, ta kira matan ɗakin su zo su gani.

Yayana ya mayar da ni gida. Labari kuwa ya zaga cikin direbobi abokansa. Daga wannan shekarar, duk wanda ya tsinci Bahaushiyar da ta ɓata, ƙofarmu yake fara kawo ta. Na yi wannan aikin har aka cire Katsina daga Kaduna, lokacin ina da 'ya'ya huɗu, kuma mace ɗaya ce kawai ta taɓa gagara ta. Ita ma daga baya muka gane daga Kamaru ta zo.