Mazarƙwailar Yaya Sale

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana, Yaya Sale, manomin rake a bakin kanal ɗin garinmu, kusa da Bunkure. Har yau idan na ji ƙamshin ruwan rake a kan wuta, gabana sai ya faɗi.

Da likita ya ce masa yana da ciwon suga, a ranar ya sallami farin sukarin kanti daga gidansa. Mutum ne mai kafiya, in ya ce ya bari ya bari. Amma mazarƙwailar da yake dafawa da hannunsa bai taɓa lissafa ta cikin sukari ba. "Wannan ai daga gonata ta fito," in ji shi, "ba ta ga inji ba." Ni kuwa, mai ganin kaina da wayo, na gaskata shi. Kullum da safe ni nake fasa masa ita a kunu, har ina ƙarawa don tausayi.

Sai bayan ƙafarsa ta ƙi warkewa wata ma'aikaciyar jinya ta zaunar da ni. Ta ce abu ɗaya ne. Ganyen rake ke haɗa shi daga hasken rana da ruwa da iska, ya tara a kara. Masana'anta wanke shi kawai take yi ya yi fari. In ya isa hanji sai ya rabe gida biyu ya shiga jini, jiki ya ƙona shi ya sami ƙarfi. Jikin Yaya ne ya kasa kwashe shi daga jinin, ya zauna yana cin jijiyoyinsa a hankali. Na sani kwana ne ya ƙare, amma da-na-sani ƙeya ce, kuma tawa ta yi nauyi.

Da zai ga yau, lemon roba har cikin gona, ko me zai ce? Ina jin zai yi faɗa, sannan ya nemi kununsa.

Ya bar gona, ya bar suna mai kyau, ya kuma bar wa babban ɗansa Nasiru kafiyarsa. Watan jiya aka gwada Nasiru, sugansa ya hau. Na je takanas na faɗa masa duk abin da na sani. Ya saurare ni da ladabi, ya ce, "Gwaggo, in har gaskiya ne, ashe ke kika riƙa ba Baba?"

Na ce, "Ni ce. Shi ya sa na zo."