Dattijon da ke Toshe Ramin Iska

A bayan shagon kayan gini na garin Bodø na hango wani dattijo, durƙushe cikin tsohuwar mota mai ɗakin kwana da tsatsa ta ci. Farin gemu, rigar masana'antar kifi, an ɗinka "Eilif" a ƙirji. Yana cusa gashin tumaki a bangon motar don tare sanyi, yana lallashinsa kamar mai gyara wa jariri shimfiɗa.

Idona kuwa ba ya hutawa: buhun gashi huɗu, gado ɗaya, tukunyar gas ɗaya. Wannan ba ɗan yawon shaƙatawa ba ne. Na rantse mai gidan haya ne ya kore shi don ya zuba baƙi. Mutum ya tsufa yana fiɗar kifi, ƙarshensa kwanan gwangwani!

Sai ga shi yana toshe ramin iskar da ke ƙarƙashin murhu.

"Haba Baba! Ta nan gas ke fita. Ka toshe shi, ba za ka farka ba!"

"Ta nan sanyin ke cizona, 'yar nan."

Na zare gashin da hannuna. Ya karɓa, ya yi godiya, ya riƙe shi a tafinsa, yana jiran in tafi.