Ranar da Kakana Ya Je Karɓar Tallafin Noma

Duk lokacin da warin man dizal ya bugi hancina a kasuwar Suk al-Shabi ta Omdurman, sai in ga kaina ina ƙaramar yarinya a gonar kakana da ke Jabal Awliya, bakin kogi. Can yake da wani tsohon injin ban ruwa mai tari kamar mai mura. Idan ya tashi da sanyin safiya, ruwa ya bi kwalbatin ƙasa zuwa kunyoyin tumatir da kuɓewa, mu kuma jikoki mu bi shi a guje ba takalmi.

Wata shekara, lokacin noman rani, mai ya yi tsada har injin ya yi shiru. Ganyen tumatir ya fara lanƙwashewa. A lokacin ne gwamnati ta ce za ta ba manoma tallafin sayen mai, kowa ya je ofis a Khartum. Maƙwabta suka tafi, kakana ya ƙi. Cewa ya yi shi bai iya roƙo ba.

Kakata, wadda muke kira Habboba kamar yadda yaran Larabawa ke yi, ta san ba girman kai ba ne. Tsoro yake ji. A nan aka haife shi, amma Larabcinsa bai rabu da sautin Hausa ba, kuma ya gaji da a tambaye shi asalinsa a gaban mutane.

"Malam," ta ce, tana miƙa masa shayi, "tumatirinka suke ci a Khartum ɗin. Tashi mu je, ko in je ni kaɗai."

Da kanta ta goge masa farar jallabiya da dutsen guga na gawayi. Suka hau motar haya zuwa kasuwar Suk al-Arabi a Khartum, ita a gaba, shi a baya yana gunaguni.

Habboba ce ta ba mu labarin abin da ya faru, ta kuma sha maimaita shi. Ma'aikacin ofishin, wani matashi, da ya ji maganar kakana sai ya ɗago kai. "Ya Hajj, kai mutumin ina ne?"

Habboba ta fara shirin amsawa. Sai kakana ya ce a hankali, "Ɗana, ka san madatsar Jabal Awliya? Ubana ya taho za shi Makka, ya tsaya ya ɗauki duwatsunta a kansa. Kabarinsa na nan kusa da ita."

Matashin ya miƙe, ya ba shi kujerarsa, ya aika a kawo masa kofi. Ranar suka dawo gida da tallafin.

Washegari injin ya yi tari ya tashi. Kakana ya fara sakar wa maƙwabcinmu ruwa, wani baƙo da fari ya koro daga yamma, wanda tallafin bai kai gare shi ba. Habboba ta yi ta faɗa, amma na ga tana murmushi.

Kakana ya daɗe da rasuwa. Gonar ma an sayar, gidajen bulo ne a wurin yanzu. Habboba na tare da ni a Omdurman, idonta ya tafi, tunaninta na zuwa yana komawa. 'Ya'yana da Larabci suke mata magana, ta amsa da Hausa. Kullum da yamma takan kama hannuna ta ce, "An ba gona ruwa kuwa?"

Nakan ce, "An ba ta, Habboba, ta sha ta ƙoshi." Sai ta sake ni.